Koci a Aljihu: Nazarin Jeri da Dabara a Wasan Ƙwallo na Waya a Malanville

Bajamushen nan Gernot Rohr ya riƙe Mena ta Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya riƙe Super Eagles ta Najeriya daga 2016 zuwa ƙarshen 2021, a farkon 2023 kuma Jamhuriyar Benin ta ɗauke shi. Da wuya a samu inda wannan tarihi ya fi daɗin musu kamar Malanville ta Benin, domin a nan ƙasashen uku suke kallon juna. Gaya ta Nijar tana tsallaken Kogin Kwara, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba wata tafiya ba ce daga Gaya. A teburin mai shayi ɗaya sai ka tarar da ɗan Dandi na gari, da Bazabarmen da ya zo sarin albasa, da Bakaben da ke canjin naira da sefa, kowannensu Rohr ya taɓa riƙe masa ƙasa, kowannensu da ƙorafinsa. Wannan ya ce tsohon ya cika tsoro, ba ya sakin 'yan wasa su kai hari. Wancan ya ce ai tsoron nan ne ya sa Benin ta doke Najeriya da ci 2-1 a Abijan a watan Yunin 2024.

A da, musu irin wannan a baki yake ƙarewa. Yanzu akwai wurin gwada shi, kuma yana cikin aljihun kusan kowane saurayi. Zaman jiran da ya ƙaru tun bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka datse gada jama'a suka koma kwale-kwale, manyan motoci suka yi layi, ya ba wa wayar lokaci fiye da yadda take samu a da.

Wasannin ƙwallo na na'ura gida biyu ne, ko da yake ana yawan haɗa su. Akwai na yatsa, wanda ake bugawa a shagon gem ana biya wasa-wasa: PES da ya koma eFootball, FIFA da ya koma EA Sports FC a 2023, da Dream League Soccer na waya. A nan mai saurin hannu ne sarki, ko da ya jera 'yan wasansa yadda ya ga dama. Gida na biyu shi ne na koci, inda ba ka taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Kai ke zaɓar sha ɗaya, ka jera su, ka ba kowa aikinsa, ka koma gefe kana kallo suna bin maganarka ko suna kunyata ka. Babba a wannan gida shi ne Football Manager na kamfanin Sports Interactive da ke Landan. 'Yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fara shi a 1992 da sunan Championship Manager, wanda ƙasashe masu Faransanci suka sani da L'Entraîneur. Bayan sun rabu da kamfanin Eidos a 2003 suka koma hannun Sega, wasan ya fito da sabon suna a ƙarshen 2004.

Abin da wasan ke fara koya wa mutum, in ya yi haƙuri, shi ne lambobin nan da ake ta rantsuwa da su, 4-4-2 da 4-3-3 da 3-5-2, ba su faɗi komai ba sai inda kowa ya tsaya kafin alƙali ya busa usur. Tarihin ƙwallo ma haka ya nuna. Jerin farko da ya yi tashe 2-3-5 ne, mutum biyar a gaba. Da aka sassauta dokar satar gida a 1925 ƙwallaye suka yi ta shiga raga, sai Herbert Chapman na Arsenal ya ja ɗan tsakiya guda ya mayar da shi baya. Hungary ta ci Ingila 6-3 a Wembley a 1953 da lamba tara, Hidegkuti, wanda ya ƙi tsayawa inda aka san lamba tara na tsayawa, mai gadinsa ya rasa ko ya bi shi ko ya zauna. Guardiola ya maimaita dabarar da Messi a watan Mayun 2009, Barcelona ta zuba wa Real Madrid 6-2 a gidan Madrid ɗin. A takarda jerin bai nuna wani abin mamaki ba. Aikin mutum ɗaya aka sauya.

A nan Football Manager ya cancanci yabo. A fitowar 2013 ya watsar da ma'aunan da ake ja sama da ƙasa, ya koma tambayar koci kai tsaye: wannan ɗan bayan na gefe, tsaro zai yi, taimako zai kai, ko hari? A ɗauki saurayin da ya zaɓi 4-3-3. Zuciya za ta ce masa ya saki 'yan bayan gefe biyu su haura, ya saki 'yan tsakiya biyu su shiga da'irar abokan hamayya, 'yan gaba uku kuma dama can suke. Mutum bakwai ke nan a gaba. Lamba shida ya rage shi kaɗai da 'yan baya biyu, da fili mai faɗin gona a kowane gefe. Ƙwallo ɗaya ta kuɓuce, an ci shi. Zai zagi mai tsaron gida, zai sayar da shi ya sayi wani, a sake cin sa ta hanya ɗaya. Sai ran da ya zauna ya kalli maimaicin ƙwallayen zai gane cewa duk wanda ya tura gaba ya bar rami a baya, kuma dole wani ya san cewa rufe ramin nan aikinsa ne. In na hagu zai haura, na dama ya zauna. In lamba takwas zai kutsa, abokinsa ya tsaya kusa da lamba shida. Tsofaffin da ke buga dara a gindin bishiya sun san wannan tuntuni: 'ya'ya goma sha biyu kowa ke da su, kuma tun wajen zuba su a gurabe ake cin wasa ko a faɗi, domin ɗan da aka ajiye ba tare da tunanin maƙwabcinsa ba ya zama kaya.

Ga kuma ma'aunin 'yan wasa. Kowace baiwa, gudu ne ko miƙa ƙwallo ko juriya ko natsuwa, ana ba ta maki daga 1 zuwa 20. Kocin da ya ɗaga 'yan bayansa zuwa tsakiyar fili alhali gudunsu bai wuce 9 ba, shi ya kashe kansa. Wasan yana kuma lissafa sabo: ƙungiya ba ta iya sabon salo rana ɗaya, sai an yi ta atisaye a kai. Wannan darasi ne da shugabannin kulob-kulob ɗinmu masu korar koci bayan wasa uku ya kamata a tilasta musu su zauna su koya.

To amma yadda ake buga wasan ya sha bamban da yadda aka gina shi. Yawancin masu bugawa ba sa gina komai. Suna ɗauko jerin da wani ya riga ya gwada a intanet, su ɗora, su ɗauki Real Madrid ko Manchester City, su ci kofi, su zo majalisa suna bugun ƙirji. Cutar tsohuwa ce. A Championship Manager na kakar 2003/04 an yi wata dabara mai suna Diablo, wadda ke tura ɗan tsakiya ya ratsa tsakanin 'yan baya, na'urar kuma ba ta san yadda za ta tare shi ba. Wanda ya ci kofi da ita bai fahimci ƙwallo ba, ɓarakar na'ura ya gano. Tun fitowar 2018, da aka shigo da salo shiryayyu irin su tiki-taka da catenaccio da gegenpress, wannan na ƙarshe, wato matsin da Klopp ya shahara da shi na rufar wa abokin hamayya da zarar ƙwallo ta kuɓuce, ya zama abin da kowa ke dannawa. Masu wasan sun daɗe suna kukan cewa na'urar tana fifita shi fiye da kima, gajiyar da yake jawowa ba ta kai ta gaskiya ba.

Wannan ya fi damuna idan na tuna inda ake danna shi. A Malanville zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Yaron da ya ci kofin Turai da matsi na minti 90 a waya, in aka ba shi ƙungiyar unguwa a gasar hutu ya ce su yi haka da la'asar a filin rairayi, kafin hutun rabin lokaci sun zube. Gaskiya wasan yana lissafa yanayi da lafiyar fili, amma sama-sama. Makarantar da wasan ya yi karatu ta masu hali ce: ciyawa shimfiɗaɗɗiya, benci cike da ƙwararru, likita a gefe. Dubi sunayen ayyukan da ya daɗe yana bayarwa, regista da mezzala da trequartista daga Italiya, enganche daga Ajantina, segundo volante daga Brazil, raumdeuter daga Jamus saboda Thomas Müller. Ko ɗaya babu daga Afirka, nahiyar da ta ba duniya Okocha da Yaya Touré da Essien. Shekara da shekaru kuma gasar Afirka ta Kudu ce kaɗai ta nahiyar da ake iya riƙe kulob a cikinta kai tsaye. Wanda ke son ya horar da Buffles du Borgou ta Paraku ko Sahel SC ta Yamai ko Kano Pillars sai ya nemo ƙarin bayanai da masu sha'awa suka haɗa da hannunsu.

Alhali darasin dabara mafi girma da ɗan Benin ya gani da idonsa na marar ƙarfi ne. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, ƙarƙashin Michel Dussuyer, Benin ta yi 2-2 da Ghana, Mickaël Poté ya ci duka biyun, ta yi canjaras babu ci da Guinea-Bissau, ta sake yin haka da Kamaru. A zagaye na gaba ta haɗu da Maroko ta Hervé Renard, wadda ta lashe wasanninta uku na rukuni. Moïse Adilehou ya fara ci, En-Nesyri ya farke, Ziyech ya buga fenariti a turke ana dab da tashi, aka ba Khaled Adénon jan kati a ƙarin lokaci, mutum goma suka riƙe wuta har zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida, Benin ta ci 4-1. Senegal ce ta fitar da ita da ci ɗaya tilo na Idrissa Gueye. Ƙasa ta kai cikin takwas na ƙarshe a Afirka ba ta ci wasa ko ɗaya a fili ba. Akwai sa'a a ciki, babu mai musu, turken da ya tare Ziyech ba koci ya kafa shi ba. Amma matse layuka, da hana manyan 'yan wasa fili, da jiran bugun kusurwa, aiki ne da aka tsara bisa sanin cewa mutanen da ke hannu ba za su iya tseren fasaha da Maroko ba. Irin wannan ƙwallo ana iya gina ta a Football Manager, sai dai ba ta da farin jini, domin ba ta ba da 5-0 da za a ɗauki hoto a tura wa abokai a WhatsApp.

Akwai kuma maganar kuɗi. Cikakken Football Manager yana son kwamfuta mai ƙarfi, na waya kuma tun ƙarshen 2023 sai mai biyan Netflix. Don haka wanda datarsa ta MTN ko Moov a ƙidaye take, ya fi sauƙi ya faɗa wa na kyauta, irin su Top Eleven na kamfanin Nordeus da ke Belgrade, wanda ya fito a 2010 kuma Mourinho ya daɗe yana tallata shi, ko Online Soccer Manager na Holan. Kyautar tasu da ƙugiya a ciki. Ana sayar da tsabar cikin wasa da kuɗin gaske, da ita ake sayen ɗan wasa a gwanjo, da ita ake hutar da wanda ya gaji. Dabara kuma ta ragu ta koma jadawali da ake haddacewa: in ya fito da jeri kaza, ka fito masa da kaza. Ba na ganin wannan a matsayin koyon ƙwallo. Hadda ce, mai aljihu kuma yana iya tsallake ta.

Inda ɗan Malanville ya fi kowa hannu, a ganina, shi ne cinikin 'yan wasa, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da kasuwarsa ke cikin mafi girma a Benin bayan Dantokpa ta Kwatano. Sayen yaro ɗan shekara 17 da arha, a rene shi kaka biyu, a sayar da ninki goma, wannan ba sai an koya wa wanda ya tashi yana ganin sarin shinkafa da albasa ba. Illar ita ce ciniki yana rufe aibin dabara. In ka tara gwanaye sha ɗaya, ko yaya ka jera su za su ci, ba za ka taɓa sanin jerinka ruɓaɓɓe ba ne.

Ana yawan kawo labarin Will Still a ce ga wanda wasan ya mayar koci. Gaskiya ne ya buga shi sosai yana yaro a Beljiyam, gaskiya ne kuma ya riƙe Reims a kakar 2022/23 yana ɗan shekara 30, kulob ɗin yana biyan tarar yuro 25,000 a kowane wasa saboda bai da babbar takardar koci. Abin da masu labarin ke tsallakewa shi ne shekarun da ya yi yana nazarin bidiyo da mataimakin koci a kulob-kulob na Beljiyam kafin nan. Everton ma da ta ƙulla yarjejeniya da Sports Interactive a 2008, rumbun bayanan 'yan wasa ta saya, ba dabarun na'ura ba.

Kamfanin Sports Interactive ya soke fitowar Football Manager 25 (FM25) a watan Fabrairun 2025, da FM26 ya fito a Nuwamba sai ga shi ya raba jeri gida biyu, ɗaya na lokacin da ƙwallo ke hannunka, ɗaya na lokacin da take hannun abokin hamayya. Gyara ne mai ma'ana, domin ya kashe tunanin cewa ƙungiya tana da lamba ɗaya tak, kuma ya ba mai son tsaro wurin zana aikinsa dalla-dalla. Sauran gyaran ba daga Landan zai zo ba. Rumbun bayanan nan masu bincike sama da dubu ne a faɗin duniya ke cika shi, yawancinsu magoya baya ne da ke zuwa filin kulob ɗinsu suna ba 'yan wasa maki. Manhajar gyara shi kuma tana zuwa kyauta ga wanda ya sayi wasan na kwamfuta. Kafin a riƙe kulob na arewacin Benin a ciki yadda ya kamata, sai an samu wanda zai riƙa zuwa filin Paraku ko na Djougou ranar wasa da biro da littafi, ya rubuta wane ne mai gudu 14, wane ne mai juriya 8.