Gani Ya Kori Ji: Tsokaci a Kan Koyar da Labarin Hoto a Manyan Makarantu

A shekarar 2020 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba darasin koyon aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne nazarin fim. Wannan mataki ya ta da wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye, mu malaman adabi. Ɗalibin da ya zo jami'a domin ya koyi ba da labari ta hanyar hoto, me za a koya masa, kuma a hannun wa zai koya?

Idan muka dubi yadda abin yake a Yola da Jimeta, za mu tarar an raba aikin gida biyu. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, tana koyar da aikin talabijin da fim a sashenta na sadarwa, da harshen Ingilishi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sassan koyar da Hausa, irin na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, inda ake nazarin tatsuniya da waƙa da ƙagaggen labari. Masu kyamara ba a ɗora musu karatun adabin Hausa ba, masu adabi kuma ba a miƙa musu kyamara ba. A yawancin sassan Hausa na ƙasar nan, an cusa fim ne a ƙarƙashin wasan kwaikwayo. Ɗalibi zai zaɓi fim, ya kwafe maganganun taurari a takarda, sannan ya fito da jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe. Mun sha karanta kundin digiri mai shafi tamanin wanda mutumin da ya juya wa talabijin baya yana sauraro zai iya rubuta shi tsaf.

Wannan gurguwar fahimta ba a aji kaɗai ta tsaya ba. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, finafinan Hausa sun taso ne daga hannun ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, waɗanda suka goge a dandamali da rediyo da talabijin. Ƙarfinsu a baki yake. Sai a ga mutum biyu zaune a falo, kyamara ta kafe a gabansu kamar mai ba da shaida, matar ta buɗe baki ta sanar da mu cewa ranta ya ɓaci. Da a ce an nuna ta ta ajiye kwanon tuwo ta fita ba ta ce uffan ba, da mai kallo ya riga ya gane. Manazarta da malaman addini sun daɗe suna muhawara a kan rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya, har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, amma batun yadda hoton kansa yake ɗauke da ma'ana bai samu ko rubu'in wannan kulawa ba. Finafinai masu dogon zango na yanzu sun samu kyamarori masu kaifi, sai dai kaifin hoto daban, hikimar hoto daban.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne Adamawa tana da nata gwani a wannan fage, amma ɗalibanta kaɗan ne suka san sunansa. Adamu Halilu, haifaffen Garkiɗa ne a 1936. Ya koyi rubutun fim da tace hoto a Landan da Rum, ya kuma yi aiki a sashen finafinai na gwamnatin Jihar Arewa a zamanin da motar majigi take yawo ƙauye ƙauye. A 1976 ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Daga baya fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekara da shekaru, sai da aka tono shi daga ma'ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Yaron da ke Jimeta ya haddace finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, bai taɓa ganin wannan ba.

A ganinmu, babu abin koyarwa da ya kai Shaihu Umar dacewa da ajin farko na wannan darasi, domin labari ɗaya ne da muke da shi cikin siga uku: littafin 1934, da wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara aka buga a 1975, da kuma fim ɗin Halilu. Littafin kacokan ɗinsa zance ne, malami ne zaune yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Marubuci yana iya haɗiye shekaru masu yawa cikin jimla ɗaya, ya ce mahaifiyar Umar ta daɗe tana bin sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Mai kyamara ba shi da wannan jimla. To, da me zai nuna tsawon shekarun? A nan malami zai ajiye littafi ya bar ɗalibai su yi ta kokawa. Wani zai kawo shawarar a nuna ƙafar da ta tsattsage, wani furfurar da ta ɓullo daga ƙarƙashin kallabi, wani kuma sawun raƙuma da iska take sharewa a rairayi. Kowace amsa zaɓi ce irin wanda mawaƙi yake yi tsakanin kamance da siffantawa, kuma ana iya yi mata hukunci da ma'aunin da muka saba. Bayan sun gama nasu, sai a kunna musu fim ɗin su ga hanyar da Halilu ya bi.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a sallama darasin ga littattafan Amurka kaɗai ba. Waɗannan littattafai suna koyar da cewa idan mutum biyu suna zance, a nuna fuskar wannan yana duban idon wancan, sannan a juyo. A can, haɗa ido alamar gaskiya ce. A gidan Bahaushe ko Bafillace kuwa, saurayin da ya zuba wa surukinsa ido ya nuna rashin tarbiyya. Uwar da take tsananin ƙaunar ɗan farinta ba ta kiran sunansa, sau da yawa ma takan kau da kai idan ya shigo. Ɗalibin da bai san kunya da kara da abin da Fulani suke kira pulaaku ba, zai sa uwar ta rungume ɗan tana kuka, ya ɗauka ya nuna soyayya, alhali ya nuna wata mata ce da ba mu sani ba. Takalmin da aka tuɓe a ƙofar zaure, da nisan da ke tsakanin tabarmar baƙo da buzun maigida, da wanda ya durƙusa da wanda ya tsaya, duk jimloli ne da mai kallonmu yake karantawa ba tare da an fassara masa ba. Wanda ya karanci al'ada shi ya fi cancanta ya koyar da su. Idon mutanen wannan yanki ma ba baƙon zane ba ne: ƙwaryar da mata suke yi wa ado a Adamawa ta kai har T. J. H. Chappel ya yi littafi sukutum a kanta a 1977.

Za a ce ina kuɗin kayan aiki? Wannan uzuri ya yi rauni tun da wayar hannu ta shiga aljihun kusan kowane ɗalibi. A tura su gadar Binuwai ko kasuwar Jimeta, a ce kowa ya dawo da labarin minti uku wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa. Jimeta gari ne da Bafillace da Bahaushe da Bacama da Kilba da Margi suke cin kasuwa ɗaya, saboda haka ajin kansa zai zama alƙali: idan ɗan Numan da ɗan Michika da 'yar cikin garin Yola suka fahimci abu ɗaya, hoton ya yi magana. Kada kuma mu manta, lokacin da 'yan gudun hijira suka kwararo Yola bayan faɗuwar Mubi a 2014, da yawa daga hotunan da duniya ta gani baƙi ne suka ɗauka, suka kuma zaɓi abin da za a gani.

Aikin da ya rage a wuyan sassan Hausa shi ne na kalmomi. Har yanzu darakta a wurin ɗaukar fim da Turanci yake kiran hoton kusa da hoton nesa da yankan da ke haɗa fitowa da fitowa. A 1990 an fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa ƙarƙashin jagorancin Ɗalhatu Muhammad, shi ya sa yau ɗalibi yake iya tattauna karin waƙa da ginin jimla da harshensa. Fim yana jiran irin wannan zama, kuma a wannan karo sai an gayyato masu ɗaukar hoto da masu tacewa na Kano da Jos da Kaduna su zauna tebur ɗaya da malaman jami'a, domin wasu kalmomin sun riga sun ƙirƙira su a bakin aiki.