Makin ɗalibi, amma na wane zango?

Da wuya mai koyon gina manhajar intanet ya yi nisa bai ci karo da misalin ɗalibi da makinsa ba: ɗalibi ɗaya, maki da yawa. Teburi biyu ake buɗewa a rumbun bayanai, na ɗalibai da na maki, kowane layin maki kuma ya ɗauki lambar ɗalibin da ya ci shi. Tushen dabarar yana cikin maƙalar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970. Tsarin gina manhaja na Ruby on Rails, da ya fito a 2004, ya taƙaita ta da has_many da belongs_to, shi kuwa Django na 2005 da ForeignKey.

Misalin ya yi rana, domin yana raba ɗan koyo da wata tsohuwar ɗabi'a. Kowa ya san babbar takardar sakamako ta makaranta, sunaye a gefe, darussa a jere a sama. Sai mutum ya kwashe ta yadda take ya zuba a kwamfuta, kowane darasi da gurbinsa. Ran da aka ƙara darasi ɗaya, sai an taɓa teburin da duk lissafin da ya dogara da shi.

Sai dai a nan yawancin masu koyarwa suke tsayawa, a nan kuma nake ganin gazawarsu. Ɗalibi ba ya cin maki haka kawai. A wani kwas yake ci, a wani zango. Ɗauki ɗalibin jami'a da ya faɗi kwas ya sake ɗauka baɗi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Idan an tsara cewa layi ɗaya tak ya halatta tsakanin ɗalibi da kwas, sabon sakamako zai hau kan tsohon ya shafe shi, alhali a jami'o'in Najeriya da dama faɗuwar farko tana shiga lissafin matsakaicin makinsa. Gyaran shi ne teburi na uku, na rajista, mai haɗa ɗalibi da kwas da zango. A jikinsa makin gwaji da na jarrabawa za su rataya. Ashe alaƙar ɗaya-da-yawa guda uku ce aka nuna wa ɗan koyo a matsayin ɗaya.

Ga kuma batun gogewa. Tun Django 2.0, a 2017, dole mai rubutu ya faɗi abin da zai sami layukan maki idan aka cire ɗalibin. Darussan koyo kan sa CASCADE don sauƙi, ɗan koyo ya kwafa bai tambaya ba. Ma'anarsa, ma'aikacin da ya danna gogewa bisa kuskure ya tafi da sakamakon shekara huɗu, mai shi kuwa yana iya dawowa neman takardar makinsa bayan shekara goma. PROTECT, mai hana goge ɗalibin da ke da maki, shi ya dace da wannan wuri. Ɗalibin da ya bar makaranta alama ake sa masa cewa ya tafi, layinsa yana nan.