Mai Gida da Baƙonsa a Sabon Ibadan: Sharhi a kan Littafin Abner Cohen

Galibin littattafanmu idan sun taɓo zancen mai barin gida, nuna birni suke yi kamar kura ta buɗe baki. Wanda ya karanta Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya san haka, domin jigonsa gargaɗi ne ga masu gudun ƙauye. To, amma tun kaka da kakanni Hausawa suke sauka a biranen wasu, kura ba ta cinye su ba. Wa yake tarbarsu? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauko littafin Abner Cohen, watau Custom and Politics in Urban Africa, wanda aka buga a 1969. Da Turanci aka rubuta shi, amma zancenmu ne a ciki daga farko har ƙarshe.

Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963. An kafa unguwar a 1916, kuma a zamaninsa mutanenta ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Shi kansa haifaffen Bagadaza ne da ya ƙare a Ingila, saboda haka ba a bakin wani ya ji ɗacin baƙunta ba.

Inda littafin ya fi armashi shi ne bayanin mai gida. Falke ya iso da shanu daga Arewa, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci. Mai gida ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa. Mahautan Yarbawa bashi suke ɗaukar shanu, kuma idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya daga aljihunsa. Haka cinikin goro yake tafiya, sai dai shi Arewa yake nufa. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa, sai ya shiga cikin yaran wani mai gida, ya yi ɗan aike, ya koyi dillanci, wata rana a yi masa aure. Ban san wani marubucinmu da ya tsaya ya zana wannan hali filla-filla haka ba, kuma wannan abin kunya ne a gare mu.

Amma fa ina da ja a wuri biyu.

Na farko, Cohen duk abin da ya gani sai ya auna shi da ma'aunin riba. A ganinsa, Hausawan Sabo sun riƙe harshensu da al'adarsu ne don kada cinikin shanu da goro ya kuɓuce musu. Har shigarsu ɗarikar Tijjaniyya da ware masallacin Juma'arsu a farkon shekarun 1950, ya ce dabara ce ta tsare kan unguwa bayan da ikon Sarkin Sabo ya fara raguwa. Ba na musun akwai gaskiya a ciki, kowa ya san Bahaushe da neman na kansa. Sai dai shi da kansa ya ba da labarin makafi da guragu da kutare na unguwar, kowane rukuni da sarkinsa da wurin kwanansa. Wace la'ada mai gida yake ci a jikin makaho? Mutumin da ya tashi da asuba ya zauna wazifa, wuya ne a ce shanu kaɗai yake tunani.

Na biyu ya fi damuna. Sunan littafin yana zancen birni, amma Ibadan kanta da ƙyar ake hango ta. Yarbawa suna shigowa ne a matsayin mahauta da abokan gasa. Abin da muka gani shi ne unguwa ta saukar da baƙo, ta ciyar da shi, sa'an nan ta kewaye shi da danga. Cohen ya lissafa sharuɗɗan zama ɗan Sabo: jin Hausa, Musulunci, sanin garin da ka fito a Arewa, da rashin tsagar wata ƙabila a fuska. To, wanda ya rasa ɗaya fa? Kuma jikan da aka haifa a Ibadan, yaushe zai zama ɗan gari? Marubucin ya yi sha'awar ƙarfin dangar, bai tsaya ya tambayi abin da take hanawa ba. Na tuna da wannan a watan Fabrairu na 2021, lokacin da rikici ya tashi tsakanin Hausawa da Yarbawa a kasuwar Sasa, aka ƙone rumfuna da gidaje, mutane da yawa suka kwashe kayansu suka yi Arewa, alhali wasunsu ba su san wani gida ba sai Ibadan.

Ina roƙon 'yan ƙungiyarmu masu neman abin rubutawa su karanta babin cinikin shanu tukuna. Akwai ƙagaggen labari guda kwance a zauren mai gida, daren da mahauci ya gudu da kuɗin falke, kuma har yau ban ga wanda ya ɗauka ba.