Shafin Open Treasury: an buɗe ƙofa, amma ɗakin da duhu

A watan Disamban 2019 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shafin intanet mai suna Open Treasury. Ƙa'idar ita ce ofishin Akanta Janar ya riƙa wallafa duk biyan da ya kai naira miliyan 10, ma'aikatu da hukumomi kuma su wallafa abin da ya haura miliyan 5, tare da sunan wanda aka biya da dalilin biyan. A ƙasar da sai a 2011 aka samu dokar 'yancin samun bayanai, wannan ba ƙaramin mataki ba ne. To amma fa, mai karatu, wallafa bayani daban, yadda za ka iya amfani da shi kuma daban.

Gwada da tambaya ɗaya: rijiyar burtsatsen da aka sa wa mazaɓarku a kasafin tarayya, an biya kuɗinta? Wa aka biya?

Matsala ta farko, bayanan biyan suna zuwa ne fayil-fayil, kowace rana da nata. Kafin ka ga shekara guda sai ka sauke ɗaruruwan fayiloli ka haɗe su da kanka. Wanda ke lallaɓa data a wayarsa ai tun nan ya haƙura.

Ta biyu, sunaye. Idan magatakarda uku suka rubuta sunan kamfani ɗaya ta hanya uku, wannan ya gajarta, wancan ya manta harafi, kwamfuta kamfanoni uku za ta ƙirga. Maganin kuwa yana nan: duk kamfanin da ya yi rajista da hukumar CAC yana da lambarsa. Da ana haɗa ta da kowane biya, cikin daƙiƙa za ka tara jimillar abin da ɗan kwangila ɗaya ya karɓa daga ma'aikatu daban-daban. Ƙungiyar BudgIT da ta yi nazarin shafin a 2020 ta gano abin da ya fi wannan muni: maƙudan kuɗin da aka biya babu bayanin dalili, da waɗanda suka shiga asusun ɗaiɗaikun mutane.

Ta uku, kasafin kansa. Ana fitar da shi a matsayin PDF mai shafuka fiye da dubu. Ido zai karanta, amma manhaja ba ta iya lissafi da shi sai an sake kwashe alƙaluman. Ayyukan da ke cikinsa suna da lambar shaida, to muddin wannan lamba ba ta bi kuɗin har zuwa ranar biya ba, ba ka da zaren da za ka ɗinke alƙawari da cikawa.

Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya ba da ma'aunin taurari biyar na buɗaɗɗun bayanai a 2010. Tauraro ɗaya, ka sa bayani a intanet da izinin kowa ya yi amfani da shi. Biyu, ya zama jadawalin da kwamfuta ke karantawa, kamar Excel. Uku, a tsarin da ba mallakin wani kamfani ba, kamar CSV. Huɗu da biyar, kowane abu ya samu adireshinsa, a kuma haɗa shi da sauran bayanai. A wannan ma'auni PDF tauraro ɗaya gare shi.

BudgIT ta gina shafin GovSpend, inda ta tattara bayanan Open Treasury yadda za ka nemi ma'aikata ko kamfani da suna. Aiki ne mai kyau, sai dai yana nuna giɓin: ƙungiya mai zaman kanta ke share abin da ya kamata ya fito a tsabtace daga tushe. Kuma layin da aka bari babu bayani, babu gwanin da zai cike shi.

A nan sai ka yi hattara da zane-zanen alƙaluma masu launi da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Kuɗin gwamnati mataki uku gare su: wanda majalisa ta amince da shi, wanda aka saki, da wanda aka kashe. Zanen da ya nuna na farko kawai zai burge ka da biliyoyin ilimi, alhali ƙila rabi ma bai fita daga baitulmali ba. Duk zanen da ka gani, tambayi wanne ne a cikin ukun, na wace shekara, daga ina.

Abin da ake buƙata ba fasahar zuwa duniyar wata ba ce: fayil ɗaya na shekara da kowa zai sauke, lambar kamfani da ta aiki a kowane layi, da hana biyan da babu dalili a rubuce. Sannan ɗan jaridar rediyo zai iya ɗauka ya karanta wa mutanen ƙauyenku da Hausa cewa an biya kuɗin rijiyarsu ranar kaza, su kuma su je su duba ko akwai ruwa.