Ibro da Rigunan Aro: Tarken Rayuwa da Fasahar Rabilu Musa Ɗanlasan

Idan aka dubi sunayen finafinan marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, abu na farko da zai ja hankalin manazarci shi ne yadda suna ɗaya ke shige wa da yawansu gaba: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko, Ibro Ɗan Fulani. A al'adar wasan kwaikwayo, ɗan wasa ne ke narkewa cikin wanda yake kwaikwaya har a manta da shi. Shi kuwa Ibro, wanda ake kwaikwayar ne ke narkewa a cikinsa. A ganina wannan ne mabuɗin fahimtar fasaharsa, kuma shi ne dalilin da ya sa ma'aunin da aka saba auna fim da shi ya kasa yi masa adalci.

An haifi Rabilu a shekarar 1971 a Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sannan ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan barkwanci. Waɗannan wurare biyu sun bar tambari a wasansa. Wudil gari ne na bakin kogi da bakin hanya, wanda kasuwar shanunsa ta ranar Juma'a ke tara Bafulatani da dillali da mahauci da direban babbar mota, kowa da karin harshensa da dabarar cinikinsa. Gidan yari kuwa makaranta ce ta ganin mutum bayan an tuɓe masa girma. Duk wanda ya lura da yadda Ibro ke kwaikwayon mai cika baki a lokacin da asirinsa ya tonu, zai yarda cewa ya daɗe yana kallon ɗan Adam a halin tsaka mai wuya.

Masu sukar finafinan camama sukan ce ba su da zubi da tsari: labari ba ya ƙulluwa, fitowa ba ta bin fitowa, magana kuma ƙirƙirarta ake yi a gaban na'urar ɗaukar hoto. Ban musa ba. Abin da nake ja a kai shi ne ma'aunin. Tushen Ibro yana cikin adabin baka, ba cikin rubutaccen wasa ba. Kakansa Gizo ne, mai wayon da kan kai shi ya baro. Danginsa 'yan kama ne, waɗanda kan ari muryar malami su yi wa'azi a kan tuwo da miya, da kuma wawan sarki da aka yarje wa faɗin abin da fadawa ke tsoron faɗa. Yayyensa na kusa su ne irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Kasimu Yero na wasannin talabijin. A wannan gida ba a tambayar yadda labari ya ƙare. Abin tambaya shi ne wa aka tsikara, kuma da wace murya.

A nan ne kwatanta shi da ɗan wasan Ingila Charlie Chaplin ke da amfani. An haifi Chaplin a Landan a 1889, ya taso cikin talaucin da ya kai shi gidan raino na matalauta, ya kuma gina shahararsa a kan mutum ɗaya, wato ɗan yawon nan mai ƙaramin gashin baki da sanda. Ko'ina aka jefa wannan mutum, shi ne dai. A 1940 Chaplin ya yi wa Hitler shagube a fim ɗinsa The Great Dictator. Shi ma Ibro, a 2002, lokacin da hoton Usama bin Laden ke manne a jikin motoci da shaguna a Kano, ya ɗaura rawani ya fito a Ibro Usama, fim ɗin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Ko mece ce niyyar masu shirya shi, da zarar fuskar Ibro ta shiga cikin rawanin, kwarjini ya ragu. Wannan shi ne aikin rigar aro: takan nuna cewa abin da ake tsoro ko ake bauta wa da ido, tufa ce da kowa zai iya sawa.

Masu iko sun fahimci haka fiye da manazarta. A 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro hukuncin ɗaurin wata biyu, a shari'ar da ta shafi rajistar kamfani da raye-rayen finafinai irin su Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Shi ma Chaplin, hukumomin Amurka sun soke masa izinin komawa ƙasar a 1952. Dalilan sun bambanta, amma darasin ɗaya ne: ba a kafa wa abin da ba shi da tasiri tarko.

Sai dai tarke ba yabon gwani ba ne. Fasahar Ibro tana da tabo biyu da bai kamata ƙauna ta rufe mana ido a kansu ba. Na farko, rigar aron da ke rage wa mai ƙarfi kwarjini, idan aka ara daga mai rauni sai ta zama izgili. Sau da yawa Bafulatani da baƙauye da mai lalura sun fito a camama a matsayin abin dariya kawai, har wasan ya ƙetare iyakar barkwancin taubasantaka da Hausawa suka sani, wanda kowane ɓangare ke da damar ramawa. Na biyu, kasuwa ta ci shi. Chaplin yakan shafe shekaru a kan fim ɗaya domin ya mallaki kamfaninsa da haƙƙin aikinsa. Ibro kuwa ya yi aiki a kasuwar kaset da faifai, inda satar fasaha ke tilasta wa mai fim ya saki sabo kafin na jiya ya huce. Sakamakon haka shi ne maimaici, da baiwar da aka yi ta ɗiba da ludayi ba a bar ta ta taru ba.

Rabilu ya rasu a watan Disamba na 2014, bai daɗe da haura shekara arba'in ba. Bosho da Daushe da Nabraska sun ci gaba da riƙe tutar barkwanci, amma abin da ke gabanmu mu ɗaliban adabi ya wuce neman magaji. An adana finafinan Chaplin, an gyara su, ana koyar da su a jami'o'i. Na Ibro kuwa suna warwatse a tsofaffin faifai da guntattakin da aka ɗora a YouTube ba shekara ba sunan marubuci. A cikinsu akwai Hausar tasha da ta kasuwa da ta zaure, irin wadda littafi bai kama ba. Idan sassan nazarin Hausa ba su tattara su ba, suka tsara su, suka tarke su da ma'aunin da ya dace da asalinsu, za mu wayi gari muna ambaton Ibro yadda muke ambaton 'yan kaman da suka shuɗe: kowa ya shaida gwanintarsu, amma babu mai iya nuna ta.