Ƙugiyar da ta ɓace a cikin kaurin haruffa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Bune ranar cinta zai lura allunan shaguna sun sake kama. Inda a da mai fenti ke jan baƙi da burushi, yau leda ce bugun na'ura, haruffanta masu kauri, a kishingiɗe, tamkar iska na kora su gabas. Faransawa na kiran wannan salo *gras italique*. Ba laifi, yana jan ido daga nesa, kuma dalilin yin sa ke nan.

Asalinsa biyu ne da aka ɗaura wa aure. Kishingiɗaɗɗen harafi ya fito a Banis ta Italiya a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius, Francesco Griffo ne ya sassaƙa shi yana kwaikwayon rubutun hannun malamai. Kaurin kuwa ɗan Ingila ne na farkon ƙarni na 19, lokacin da masu talla suka buƙaci harafin da ke yin kururuwa a bango. Ɗaya ɗan littafi, ɗaya ɗan kasuwa.

Ƙorafina ba a kan kururuwar yake ba. Akasarin waɗannan haruffan an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu. In mai bugu ya danna ƙ, sai kwamfuta ta aro shi daga wani gida: ga shi siriri, a tsaye cak tsakanin ƙattai masu jingine, kamar maraya a gidan biki. Mai bugu ya ga muni, sai ya datse ƙugiyar ya huta. Da idona na ga kyallen wani taro da aka so a rubuta marhabin da baƙi, aka ɓuge da yi wa baki marhabin. Ɗalibaina sun sha dariya. Ni ban yi ba, domin washegari rabinsu haka suka rubuta a jarrabawa. Yaro ya fi gaskata allon titi bisa allon aji, tunda na titi ya fi girma da kauri. Abin haushi, mai bugun nan ba ya yarda ya bar *é* na Faransanci babu hularsa.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Tun shekarun 1930 aka kafa ta a Zariya, taron Bamako na 1966 ya tattauna rubutun harsunanmu, Nijar ta tsaida ƙa'idar Hausa da doka a 1999, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Nijeriya ma ta taɓa neman mafita a shekarun 1980, har Hermann Zapf, gwanin zanen haruffa na Jamus, ya sa hannu a aikin.

Kauri kuwa ba baƙonmu ba ne. Dubi allon almajiri: rubutun Kano da na Barno, alƙalamin kara mai faɗin baki, baƙi cike da tawada, amma ba ɗigon da ya ɓata. A 2017 an mayar da salon Kano na kwamfuta da sunan Alkalami. Na boko ma akwai masu ƙugiya, kamar Noto da Charis, kyauta, da kaurinsu da kishingiɗarsu. Na kai wa wani mai bugu su a Gure cikin wayata. Ya duba, ya ce ba su da ƙwalisa, masu shago ba za su biya ba.