Manhajar Waƙa da Taron Masu Sauraro: Dubi Daga Dogarawa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai kafin waƙa ta isa kunnen wanda bai halarci wurin da aka rera ta ba, dole ta bi ta hannun mutane da dama, kuma waɗannan hannaye su ne ke yanke hukuncin wadda za ta rayu da wadda za ta ɓace. A yau kamfanonin da ke ƙera manhajojin sauraron waƙa a salula sun shiga wannan sahu. Sun lura cewa mai sauraro shi kaɗai saurin gajiya yake yi, saboda haka suka tanadi hanyoyin tara jama'a cikin manhaja: bin mawaƙi, nuna so ga waƙa, tsara jerin waƙoƙi a raba wa abokai. Abin tambaya shi ne ko wannan taro ya kai matsayin taron da Bahaushe ya sani a fagen kiɗa.

Ƙaramar hukumar Dogarawa, cikin gundumar Malbaza ta jihar Tawa, wuri ne da ya dace da auna wannan batu. Tana bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙwanni zuwa Madawa da Maraɗi, kuma a cikinta Galmi yake, garin da albasarsa ta yi suna har Gana da Kodebuwa. Daga Ƙwanni hanya ta miƙe zuwa Sakkwato. Direbobi da fatake da ƴan ci-rani sun daɗe suna ɗauko waƙa tare da kaya. A zamanin kaset, ta wannan hanya muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suka riƙa cika rumfunan kasuwa da tashoshin mota. Mai sayar da kaset ya san abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya san mai son waƙar noma, ya san mai son ta dambe ko ta sarauta, kuma shawararsa ita ce jagorar mai neman sabon abu.

Rediyo ma ya gina nasa taro. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo a Nijar, inda jama'a ke zama tare su saurari shiri su tattauna shi. Daga bisani shirye-shiryen zaɓi sonka suka ba talaka damar jin sunansa da na garinsu a iska, ya zaɓi waƙa ya gaida dangi da abokan fada. A nan waƙa kyauta ce da mutum ke aika wa mutum, da suna da asali.

Da salula ta yaɗu, sai aikin mai kaset ya koma hannun mai tura waƙa, wanda ke zaune da kwamfuta yana cika katin ajiya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, matasa kuma su ƙarasa rabon ta Bluetooth. Tarihin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa ɗan jihar Tawa, ya nuna ƙarfin wannan hanya da kuma rauninta. A 2008 ya tafi Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi salula zuwa salula har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu, ya saka ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 na waƙoƙin da aka kwaso daga salulolin Sahara. Kafin nan sai da ya yi cigiyar masu waƙoƙin, domin da yawa sun iso gare shi ba cikakken suna. Jama'a sun kai waƙa inda talla ba ta kai ba, amma a hanya ta zubar da sunan mai ita, kuma ko dala ba ta koma aljihunsa ba.

Wannan giɓi ne manhajoji suka zo da alkawarin cikewa, kuma adalci ne a yaba abin da suka yi daidai. Boomplay, wanda aka fara a Nijeriya a 2015, yana zuwa a girke cikin salulolin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawan talakawa. Audiomack, wanda aka kafa a Amurka a 2012, ya ba mawaƙi damar ɗora waƙarsa da kansa kyauta. A duka biyun waƙa na tafe da sunan mai ita, kuma ana ƙidaya yawan saurarenta. A ƙarshen 2021 Audiomack ya fito da tsarin da masoyi zai biya kuɗi don tallafa wa waƙa, a lissafa shi cikin magoya bayanta. Babu abin da ya fi wannan kama da liƙi a duk abin da waɗannan kamfanoni suka ƙirƙiro.

A nan ne kuma kamannin ya tsaya. Liƙi a al'adar Hausa musaya ce ta gaban jama'a. Mai bayarwa na tashi a idon tsararsa, makaɗi ya kama sunansa da na iyayensa, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta abin da aka bayar. Yaba kyauta tukuici. Sunan da ya shiga waƙa yakan fi mai shi tsawon rai. Mutane da yawa da Shata ya waƙe ana ambatonsu har yau, alhali shi kansa ya rasu tun 1999. Manhaja kuwa ƙidayar mai sauraro take yi. Ma'auninta shi ne yawan mintocin da ya ɓata a cikinta da yawan komowarsa, domin da su ake sayar da talla. Taron da aka gina kan wannan ma'auni ba ya da tushe, kuma kamfanonin da kansu sun ga haka: Apple ya buɗe dandalin Ping na masoya waƙa a 2010, ya rufe shi a 2012.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu ba. Manomin albasa da ke sayen intanet na yini ɗaya ba zai ƙarar da shi kan sauraron waƙa kai tsaye ba. Tallafin da ke neman katin banki ya fi ƙarfin wanda cinikinsa na hannu da hannu ne. Maɓallan da aka rubuta da Turanci ko Faransanci sun bar mai karatun ajami a waje, shi ya sa WhatsApp, da ke karɓar saƙon murya, ya zama babbar hanyar rabon waƙa. Mafi muni shi ne halin injin da ke ba da shawara: abin da aka riga aka saurara da yawa shi yake ƙara turowa. Mawaƙin Kano mai situdiyo na samun ƙari bisa ƙari, makaɗin gurmi ko na kokowa na ƙauye, wanda ba a taɓa ɗora waƙarsa ba, a wurin injin kamar babu shi.

Manhajar da ke son tara Hausawa da gaske sai ta koyi darasi daga mai kaset da zaɓi sonka: ta karɓi murya, ta bari a aika waƙa da gaisuwa, ta yi aiki ba intanet, ta amshi kuɗin salula, ta ba masanin waƙoƙin yankinsa matsayin jagora. Kafin kamfanoni su kai ga haka, aikin ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Jihar da ta raɗa wa gasar kiɗa sunan Ɗan Gurmu ba ta rasa makaɗa a garuruwanta ba. Ɗalibai na iya naɗar su da izininsu, a rubuta sunan makaɗi da na ƴan amshinsa, garinsu, kayan kiɗansa da shekarar naɗi, a ɗora da sunansa, abin da ya shigo kuma ya isa hannunsa. Kowane tsohon makaɗi da ya rasu ba a yi masa haka ba, ya tafi da waƙoƙin da babu manhajar da za ta nemo su.